Talatun da Aka Haifa Ran Juma'a

In ka bi ta Ƙofar Guga da hantsi ka ga wata tsohuwa siririya zaune bayan buhunan gawayi, hannunta baƙi ƙirin, tana ƙulla leda ba ta kallon kowa, to ita ce Talatu. Yaran unguwa Maman Jamila suke ce mata in suna son ƙari. In sun yi nisa da ita kuma akwai wani sunan da suke jefo mata su ruga. Matar nan ba da gawayi ta fara ba. Waina take yi a da, wainar da 'yan acaɓa ke kashe mashin su tsaya layi saboda ita. Yanzu abin da ba a ci take sayarwa, kuma da dalili.

Bahaushiya ce, Kirista. Eh, akwai su, a daina zaro ido. Daga wani ƙauye bayan Malumfashi ta fito, kuma tun daga sunanta labarin ya soma. Kowa ya san Talatu ita ce wadda aka haifa ran Talata, kamar yadda Asabe take ta Asabar, Ladi ta Lahadi. To wannan Talatun ran Juma'a ta faɗo. Uwarta, Inna Rakiya, tana dawowa daga cin kasuwa da ƙwaryar daddawa a ka naƙuda ta tsugunar da ita a gindin wata ɗorawa. Wata baƙuwa mai wucewa ta ajiye kayanta ta karɓi haihuwar, ta yanke cibiya da ɓawon kara, ta raka su har gida. Sunan matar Talatu. Uban jaririya ya ce ba shi da abin da zai biya ta, sai dai suna. Haka Jummai ta zama Talatu, duk ƙauyen kuma sun san zancen, har tsokanarta ake da shi a bakin rijiya.

Da wannan tsokanar ma Ɗanjuma ya shiga gidansu neman aure. Birkila ne, doguwar magana ba ta dame shi ba, amma wannan ɗaya ya riƙe ta gam.

"Ke hwa Jummai ce aka yi wa satar suna," in ji shi. "Ni Ɗanjuma, ke Jummai. Ranarmu guda, sai a haɗa mu a huta."

Aka haɗa su. Suka shigo Katsina zamanin soja, suka kama ɗaki biyu a gidan haya, shi yana bin gine-gine, ita ta kafa tanda a bakin titi. Ta haifi maza biyu, duk ta binne su kafin su yi wayo. Ciwo iri ɗaya: hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi ruwan ɗorawa, yaro ya yi ta ihu kamar ana sara mashi ƙashi. Ba wanda ya taɓa gaya musu sunan ciwon. Ta uku ita ce Jamila, ita ma da shi ta zo, sai dai ita ta yi taurin rai, tana kwanciya tana tashi har ta shiga firamare.

Da mijin Inna Rakiya ya rasu, Talatu ta ɗauko ta ta dawo da ita birni. Tsohuwar nan ba ƙaramar mace ba ce. Ubanta mai tsafi ne na gaske, mai ɗaki guda na kayan aiki, kuma ita ce budurwa ta farko a ƙauyensu da ta ce ta bi Yesu. An ɗaure ta a turken jaki an zane ta da tsumagiya, ba ta janye ba. Har ta tsufa tabon yana bayanta. A gidan Talatu ita ke wanke shinkafar ƙullu, ita ke tsaron Jamila, tana tauna goro da dasashi tana waƙoƙin coci da muryar da ta riga ta tsage.

"Tsohuwa, goron nan zai ƙarasa maki haƙora," Jamila kan ce.

"Waɗanne? Zo ki ƙirga, in kin samu biyu ɗauki guda, 'yar nema."

Sai soja suka koma bariki, farar hula suka hau. Aka yi murna ba a daɗe ba zancen shari'a ya taso, ga labarin abin da ya faru a Kaduna yana shigowa a bakin direbobi, kowa da irin nasa. 'Yan Kudu da ke cocinsu Talatu suka ɗaure kaya suka cika manyan motoci. Aka bar Hausawa suna kallon juna a kan benci. Su ina za su? A nan aka binne cibiyarsu. A gari ana musu kallon 'yan Kudu, a Kudu ana musu kallon 'yan Arewa. Fastonsu, Baba Ɗanladi, dattijo ne mai sanyin murya, wa'azinsa haƙuri ne jiya, haƙuri ne yau, rabin coci na gyangyaɗi. Mutane kuwa a tsorace suke, kuma mai tsoro ba haƙuri yake son ji ba. So yake a nuna mashi wani da yatsa a ce ga wanda ya ja maka.

A wannan tsakanin baƙon ya sauka. Daga Kudu ya zo, da farar kwat, da janareto, da lasifika biyu kowace ta kai tsawon yaro. So ya yi a rubuta annabi a takardar talla, Baba Ɗanladi ya dafa kafaɗarsa ya ce a Katsina dai a'a, sai aka koma Bawan Allah. Yara kuwa Mai-Wuta suka sa mashi, don kowace addu'a da kiran wuta yake rufe ta. Ba ya jin Hausa ko ta sayen ruwa. Wani saurayi a cocin, Zakari, mai ji da Turancinsa, shi ya zama tafinta. Shi ke goya shi a mashin, shi ke kai shi cin abinci, suna tafe suna hira. Kafin a yi nisa Zakari ya koyi har yadda mutumin ke goge gumi da hankici.

Mero, maƙwabciyar Talatu, Musulma, wadda suke aron turmi da gishiri tun shigowarsu gidan, ta tare ta a bakin tanda.

"Maman Jamila, mi nike ji a lasifikarku? Wuta, wuta. Mu nan kullum tsari muke nema da ita, ku kuma roƙonta kuke?"

"Ta Ruhu ce, ba irin taku ba."

"To Allah ya ba da sa'a. Sa mani ta ashirin, ki zaɓo masu ƙonannen gefe, tunda wuta ta zama abin so."

Abin da ya cika cocin ba ihun ba ne. Mutumin yana tsaye sai ya rufe ido, ya miƙa yatsa cikin jama'a, ya ce Ruhu ya kai shi ranar da aka haifi wata a nan. Ya ga ranar, Asabar ce. Sai ya buɗe ido ya kira sunan da bakinsa na baƙo: Asabe. Matar ta zube. Baƙon da ya sauka jiya jiya, wa ya gaya mashi? Daga nan sai ya shiga zayyano mata ciwon mijinta da ɗanta da ya ƙi karatu. Benci ya cika, aka ƙaro na haya, har a taga mutane ke tsayuwa. Kada wani ya ce Talatu ta fi kowa wayo. Ta yi tafi, ta yi kuka, ta ce Allah ya tuna da su. Da ciwon Jamila ya tashi a makon, mai tsanani irin wanda ya ɗauke yayyenta, ba wanda ya ja ta. Ita da kanta ta goya yarinyar da yamma ta tafi taron, Ɗanjuma na gefenta, Inna Rakiya na biye da sanda.

Ana tsakiyar waƙa ya ɗaga hannu aka yi tsit. Yatsan ya yi yawo ya tsaya a kanta. Zakari na fassarawa cike da jin daɗi.

"Ke mai goyo. Ruhu ya kai ni ranar da kika faɗo duniya. Ina ganin ɗakin. Ina ganin ranar. Talata ce." Mutumin ya buɗe ido. "Talatu."

Coci ta ɗauki ihu. Ita kuwa tambayar kanta take yi. Wane ɗaki? A gindin ɗorawa aka haife ta. Wace Talata? Tana tsaye da nauyin yarinya a baya lissafin ya haɗa kansa, ba ta neme shi ba. Wanda ya ga ranar da idonsa, Juma'a zai gani. Wanda aka gaya wa suna, aka kuma koya mashi yadda Hausawa ke raɗa suna, shi ne zai ce Talata. Ta dubi Zakari. Ta tuna ranar da ya kawo mutumin bakin tandarta a mashin, suka tsaya daga nesa yana nuna ta da baki.

Mai-Wuta bai tsaya ba. Ya ce yana ganin kaburbura biyu ƙanana. Ya ce yana ganin na uku an fara haƙa. Ya ce a ɗakin nan, a ranar Talatar nan, akwai wata mace da ta sa wa jaririya wani abu a baki, kuma matar tana cikin cocin nan yanzu. Ya juya ya nuna Inna Rakiya, ya faɗi wata kalmar Turanci, irin wadda su can suke jifan kowa da ita, kaka da gwaggo da maƙwabci, a yi ihu a watse gobe a ci abinci tare. Zakari ya ɗan tsaya yana neman ta Hausa. Sai ya samo.

"Mayya ce."

Wanda bai tashi a Hausa ba ba zai gane abin da aka yi a wurin nan ba. Maita a wurinmu ba zagi ba ce da za a yi a shanye. Gado ce, kuma a nono ake shan ta. In uwa mayya ce, ɗiyarta ta sha, jikarta ta sha. Da kalma ɗaya yaron nan ya yanka mata uku, har da wadda aka kawo a yi wa addu'a. Matan da ke zaune kusa da Inna suka janye zannuwansu. Ita tsohuwar ba ta ji da kyau ba, tana ta murmushi tana tambayar na kusa, "Mi ya ce? Da ni yake?"

Talatu ta ɗaga murya, ita da ba ta taɓa magana a gaban maza a coci ba.

"Zakari, hwaɗa mashi Juma'a aka haife ni."

"Maman Jamila, ki natsu, Ruhu na aiki."

"Na ce ka hwaɗa mashi. Ran Juma'a, a gindin ɗorawa, ba ɗaki. Ka tambaye shi wane ɗaki ya gani."

Zakari ya raɗa wa mutumin. Ko gezau bai yi ba, har dariya ya yi. Ya ce wa ya gaya mata ranar haihuwarta, ba uwar ba? To ga shi nan. Mayya ta ɓoye ranar don kada a gano aikin da ta yi a cikinta. Coci ta ce amin. Ka ga yadda abin yake: in ya faɗi daidai Ruhu ne, in ya kuskure kuma shaida ce a kanka.

Ta juya wurin mijinta. "Ɗanjuma, kai ka sani. Hwaɗa masu."

Mutumin da ya aure ta da zancen Juma'ar nan ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ya binne 'ya'ya biyu, ta uku na numfashi sama sama, jama'a duk sun zuba mashi ido. Bai ce ƙarya ba ne, bai ce gaskiya ba ne.

Daga bayan coci wata murya ta ce, "Ta tsallake ta mana." Wasu suka karɓa. Abin da ake yi ke nan tun zamanin kakanni: in an ce mayya ta kama kurwar mutum, sai a sa ta kwance zanenta ta tsallake marar lafiyar, wai kurwar ta koma. Mai-Wuta bai san da wannan ba. Ya tambayi Zakari me suke cewa, Zakari ya yi mashi bayani, sai ya rufe ido ya jinjina kai ya ce abin da Ruhu ke gaya mashi ke nan yanzun nan. Mutumin bai zo da komai a jakarsa ba. Abin da ya tarar a cikinsu shi ya ɗauka ya miƙa musu, suka karɓa da hannu biyu. Abin da aka zane Inna Rakiya a turken jaki don ta bari, shi aka dawo da shi gaban bagade da sunan Yesu.

Talatu ta kama hannun uwarta ta ja ta waje. Ba wanda ya tare su, hanya ma aka buɗe musu, mai faɗi.

Da safe Mero ce ta samo mai mota suka kai Jamila asibiti. A nan ne, bayan kaburbura biyu, wani likita ya faɗa mata sunan abin: sikila. Ya ce daga jinin uwa da na uba yake haɗuwa, ba cin kowa ba ne. Aka yi wa yarinya ƙarin jini da ruwa, aka ce za ta tashi amma a hankali. Da aka sallame su ta biya gidan Baba Ɗanladi, ta same shi a zaure da tabarau a hanci. Suka gaisa har ƙasa, ya tambayi mai jiki, ya tambayi Inna. Ta zayyana mashi komai, da Juma'ar, da mashin ɗin Zakari, da maganar likita.

"Na sani, ɗiyata," ya ce. "Tun ran Asabe na gane."

"To Baba, ka tashi ran Lahadi ka hwaɗa."

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Kin ga cocin nan kafin ya zo. Saura mu nawa? Yanzu mutane sun dawo. In na tashi na ce ƙarya yake, shi za su bi, su bar ni da benci. Baƙo ne, zai tahi. Ki yi haƙuri."

"Shi zai tahi. Sunan da ya sa mana hwa, da shi zai tahi?"

Baba Ɗanladi ya sunkuyar da kai. Ya ce bari su yi addu'a. Ta bar shi ya yi, ta ce amin don girmansa, ta fito.

A gida ta ja wa kowa kunne. Ta ce wa Inna ko wa ya zo kada ta tashi daga tabarmarta. In ta tsallake yarinyar nan ta amsa sunan ke nan, da bakinta, har abada. Ta ce wa Ɗanjuma in ya bar wani ya shigo, shi da ita sai a lahira. Amma asibiti ya cinye ɗan abin da ke hannu, dole ta koma bakin tanda. Jamila na kwance, ta fara shan kunu, ba ta dai miƙe ba tukuna.

Rannan da hantsi tana juya waina Mero ta zo da sauri, mayafi a hannu.

"Tashi ki je gida. Matan cocinku sun shiga, da yaron nan mai Turanci."

Ta bar tanda a kan wuta ta ruga. Ta tarar da matan zumunta cike da tsakar gida, waɗanda suke anko ɗaya, waɗanda ta yi wa wainar suna da ta biki, suna waƙa a hankali. Zakari na waje ya juya baya, wai kunya. Ɗanjuma na tsaye a bakin ƙofar ɗaki. A ciki Inna Rakiya na ƙoƙarin ɗaura zanenta, ta kasa samun bakin zanen. Tabon tsumagiyar nan duk a waje. An gama.

Talatu ba ta yi ihu ba. Ta shiga ta ɗaura wa uwarta zane, ta juyo ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya har suka fice. Sannan ta durƙusa.

"Inna, mi na ce maki?"

"Ba su tilasta ni ba, uwata. Ni na ce su bari in yi."

"Don mi?"

Tsohuwar ta dubi jikarta. "In ba ni ba ce, mi ya ragu a jikina? Tsohuwa ce ta kwance zane." Ta juyo ta dubi Talatu. "In kuma ni ce ban sani ba hwa? Kin san gidan da na fito. Bawan Allah ne ya hwaɗa."

Wannan ita ce maganar da Talatu ba ta yafe ba har yau. Ba tsallaken ba. Matar da ta sha bulala ba ta yi shakkar Ubangijinta ba, an zo an sa ta shakkar kanta.

Jamila ta tashi, kamar yadda likita ya ce za ta tashi. Kafin Lahadi tana tsakar gida tana wasa. Talatu na kallonta tana godiya ga Allah, tana kuma sane da abin da tashin nan ya tabbatar a idon mutane. Da yarinyar ta mutu, da sun ce Inna ta cinye ta. Da ta rayu, sai suka ce Inna ta sake ta. Ran Lahadi aka ba da shaida a coci, da kiɗa, da rawa. Ba wanda ya ambaci jinin da aka ƙara mata.

Magana kuma ba ta san katangar coci ba. Kafin mako ya zagayo ta shiga unguwa, kuma a kan maita Musulmi da Kirista ba su da saɓani. Wa zai ci wainar ɗiyar mayya? 'Yan acaɓa suka koma wucewa suna kallon gaba. Ƙullu ya riƙa tsami a roba. Mero kaɗai ta ci gaba da aiko yaro da kwano kullum, Talatu na jin sanyi a ranta, har ranar da ta shiga aron rariya ta ga wainarta a gaban awakin Mero. Suka haɗa ido.

"Malam ne, maigidana, ya hana yara ci," in ji Mero a hankali. "Ni kuma ban so ki ga na daina saye."

"Na gode," Talatu ta ce. Da gaske take, kuma daga ranar ba ta sake kunna tanda ba.

Inna Rakiya ta daina waƙa. Ta daina cin abinci a kwano ɗaya da Jamila, in yarinyar ta zo jikinta sai ta matsa. Wata safiya ta ɗaure kayanta a ɗankwali ta ce a kai ta tasha, wai ko cinikin zai dawo in ba ta nan. Talatu ta yi roƙo ta yi faɗa, tsohuwa ta ce ita dai gida. A ƙauye labari ya riga ta isa. Ɗaki aka ba ta a ƙarshen gida, ana tura mata tuwo daga bakin ƙofa. Ba ta ga damina ta biyu ba. Waɗanda suka tsaya a kan kabarinta ba su cika tabarma ɗaya ba.

Mai-Wuta kuwa tuni ya naɗe lasifikarsa ya yi gaba, an ce wani gari, an ce wani. Mutanen da ya tara suka watse da tafiyarsa, Baba Ɗanladi ya koma wa bencinsa, ya rasu bai taɓa tashi ya faɗi abin da ya sani ba. Zakari yanzu shi ma Bawan Allah ne, da cocinsa a wani gari, da farar kwat, bidiyonsa na yawo a waya yana rufe ido yana ganin ranaku. Ku duba ƙarƙashin bidiyon ku ga masu rubuta amin. Jamila ta girma da ciwonta, ta yi karatu, kyakkyawa. Sau biyu ana kawo gaisuwa, sau biyu dangin mijin na zuwa bincike su koma shiru. Daga baya can Jos ta yi aure, inda ba wanda ya san kakarta, kuma ba ta kawo 'ya'yanta Katsina.

Ɗanjuma yana nan, ya tsufa, gini ya cinye mashi baya. Ba ta bar shi ba. Tana dafa mashi, tana wanke mashi. Sau ɗaya, shekaru bayan rasuwar Inna, yana cin tuwo ya ɗago ya ce, "Jummai." Ta ce, "Ashe ka sani." Bai ƙara gwadawa ba.

Coci ma ba ta bari ba, abin da ke ba mutane mamaki ke nan. Mero ta taɓa ce mata ga hanya a buɗe in tana so ta musulunta, ta ce a'a, ba Yesu ne ya kwance wa uwarta zane ba. Kowace Lahadi tana benci na ƙarshe, gefenta ba kowa. Ba ta cikin zumunta, ba ta anko. Abu ɗaya take yi. Duk baƙon mai wa'azin da ya rufe ido ya ce an nuna mashi, sai ta ɗaga baƙin hannun nan nata ta miƙe.

"Bawan Allah, sunana Talatu. Wace rana aka haife ni?"

Wasu su ce Talata, ta koma ta zauna. Wasu su ce a fitar da ita, ruhun tawaye ne. Shugabannin coci sun gaji da ita, sun yi mata magana, sun aika mata dattawa. Bara aka kawo wani matashi mai zaƙin baki, da Hausarsa tas. Ta miƙe ta yi tambayarta. Yaron ya rufe ido, ya ɗaga hannu sama, ya yi murmushi.

"Mama, Ruhu ya ce sunanki ya ɓoye ranarki. Juma'a aka haife ki. Ina ganin itace."

Coci ta kaure da tafi. Wasu har da hawaye, sun juyo suna kallonta, yau dai an kama bakin tsohuwa. Talatu ta bi layin dattawan da ke zaune a gaba da kallo, waɗanda suka je tarbo shi a tasha, ta ga ɗaya ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Ta ɗauki jakarta.

"To madalla," ta ce. "A gaida wanda ya hwaɗa maka."

Washegari da hantsi tana bayan buhunanta a Ƙofar Guga tana ƙulla leda.